Kujerar Kicin ɗin Fons

Alfons Tielemans, wanda duk ƙauyen ke kira Fons, yana ɗan shekara goma sha shida ya shiga masana'antar asbesto da ke bakin kogi, a 1947, bai kuwa bar ta ba sai da furfura ta cinye masa kai. Aikinsa farke buhunan asbeston, wani farin ma'adini mai zare-zare da ƙura. Jiragen ruwa su sauke kaya a bakin gaɓa, shi da abokan aikinsa su sa wuƙa su zazzage a cikin injin da ke cuɗawa da siminti, daga can a fitar da kwanon rufi da bututu. In jiniyar tashi ta yi kuka da yamma, sai ka ga maza wajen ɗari huɗu sun ɓullo a kan kekuna, fari fat tun daga gira har takalmi, kamar an tsoma su a gari. Ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Masana'antar ce ta gina rabin gidajen ƙauyen, ita ta saya wa 'yan badujala ƙahonninsu, ita ke raba wa yara lemo da cakulan a watan Disamba.

Matarsa Irma 'yar mai gasa burodi ce, mace mai kaifin baki da zafin nama. Duk ranar Asabar takan fita bayan gida da kayan aikinsa, ta kakkaɓe su a jikin katanga har sai farin ya daina tashi, sannan ta jefa su a ruwan zafi.

Da aka haifi 'yarsu Greet a 1961, Fons ya je kasuwar tsofaffin kaya a birni ya dawo da kyamara, irin mai ido biyu wadda ake rataya a wuya a leƙa ta sama, da ƙwayayen fitila masu walƙiya. Hotunan farko ba su ganuwa. Walƙiyar ta daki fuskar jaririyar ta shafe hanci da kumatu.

Irma ta juya hoton sama da ƙasa ta ce, "Fons, wannan 'yata ce ko dankalin da na fere jiya?"

Ya ɗauki hoton surukarsa, ta fito kamar wadda 'yan sanda ke nema. Tsohuwar ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Wata Lahadi ana yayyafi, ƙwayayen fitilar sun ƙare, saura hoto biyu a fim. Irma tana zaune a bakin tagar kicin, wadda ke kallon arewa, tana gyaran wake, ba ta ma san yana tsaye ba. Ya danna ne kawai don kada fim ɗin ya tashi a banza. Ya sauka ɗakin ƙasa, inda ya raba wuri da dankali da gawayi ya kafa farantansa uku na wankin hoto da jar fitila, ya tsoma takardar. A hankali fuskarta ta taso daga cikin ruwan. Haske ya kwanta a kumatu ɗaya, ɗayan yana cikin inuwa mai laushi, da ɗan ɗigon haske a kowane ido. Ya hau ya miƙa mata takardar da danshinta.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, wannan kam ta yi kama da mutum." Ta shiga ɗaki da shi, bai sake ganinsa ba.

Daga ranar bai ƙara sayen ƙwan walƙiya ba. Ba wanda ya koya masa komai, ɓarnar fim ce malaminsa. Ya gane rana ba ta faɗowa kai tsaye ta tagar nan, shi ya sa haskenta ba ya sa mutum ya runtse ido. Ya rataya wani tsohon bargon soja mai ruwan toka a jikin ƙofa, ya zama bango. Ya gane in ya shanya farin zanen gado a ɗaya ɓangaren, hasken yakan dawo ya ɗan buɗe kumatun da ke inuwa. Kujerar kuwa, ta katako ce ta cin abinci, yakan karkata ta kaɗan, ya kafa kyamarar daidai idon mai zama. Bai taɓa ce wa kowa ya yi murmushi ba. Sai dai ya ba hannun mutum abin riƙewa, hula ko lofe, ya sunkuyar da kai cikin akwatinsa, wato kyamarar, yana jan shi da hira. Da yake ba ya kallon mutum ido da ido, sai a manta da shi. In an yi dariya ba ya dannawa, sai dariyar ta sauka, kafin fuskar ta koma yadda mai ita ke so a gan ta. Labarin zuciya, a tambayi fuska.

Kafin shekara biyar, duk Lahadi bayan an taso daga coci kicin ɗin Irma cike yake. Amare, sojoji sabbin shiga, tsofaffin da suka cika shekara hamsin da aure. Ba ya karɓar ko sisi. Wani ya kawo ƙwai, wani zomo, wani kwalbar giya. Irma tana mita tana dafa musu kofi.

Mutuwar farko ba ta tayar wa kowa da hankali ba. Wani abokin aikinsu ne, ciwon ƙirji, aka ce sigari ce. Matarsa ta zo ta roƙi hoton da Fons ya taɓa ɗaukarsa, don a buga a katin da ake raba wa mutane a coci ranar jana'iza. Kowa ya yaba, har Fons ya ji daɗi a ransa. Bayan shekara aka sake zuwa. Sannan mutum biyu a lokacin sanyi ɗaya.

Babban amininsa shi ne Gust, wanda suke farke buhu kafaɗa da kafaɗa tun suna samari, ƙaton mutum mai kiwon tantabarun tsere. A watan Nuwamba na 1979 ya shigo kicin ɗin cikin kwat ɗinsa ta Lahadi, rungume da wata tantabara da ta ci tsere daga kudancin Faransa.

"Kai Fons, ɗauko akwatin nan naka. Ita za ka ɗauka, ni rakiya na yi."

"Dama ta fi ka kyan gani."

"Ka ji ɗan iska. Mutumin da muninsa ya sa ya ɓuya a bayan akwati shekara ashirin!"

Irma ta ce daga wajen murhu, "In ta yi min kashi a ƙasa, da kai da ita zan jefa a tukunya."

Hasken ranar ba ƙarfi, dole mai zama ya tsaya cak na ɗan lokaci. Fons ya sunkuya ya ce, "Riƙe numfashinka, ƙidaya biyu kawai." A cikin gilashin ya ga kafaɗun Gust suna hawa suna sauka, kamar na wanda ya hau bene da gudu, alhali ya fi minti goma a zaune. Ya ƙarar da fim ɗin, hoto goma sha biyu. Da ya wanke, tantabarar ta fito tas har ana ƙirga gashinta, amma kafaɗun Gust sun yi dishi-dishi a duka goma sha biyun. Ya lalubo wani hotonsa na shekara shida da suka wuce ya jera su. Gefen goshin ya lotsa. Tsakanin wuyan rigar da wuyan mutumin, yatsa biyu za su shiga.

Kwana uku yana juya abin a ransa, sai da Irma ta kore shi da bakinta ya tafi. Ya sami Gust a ɗakin tantabaru yana watsa musu hatsi. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce, "Gust, ko za ka leƙa wajen likita? Ba na masana'anta ba, na birni."

Gust bai juyo ba. Ya ce, "Na je tun Satumba. Kana tsammanin don tsuntsuwa na sa kwat?" Ya kakkaɓe hannunsa. "Matata Zulma ba ta sani ba tukuna. Ka gyara ni dai, mutumina. Ka mai da ni yadda nake. Ba na so yara su riƙa tuna ni kamar tsohon buhu."

Fons ya gyara shi. Ya fere fensir ya yi tsini kamar allura, ya bi fim ɗin ɗigo-ɗigo ya cike ramin kumatu, ya yanke hoton daga ƙirji don kada kafaɗun su fito. Gust ya rasu a watan Yuni, bayan ya yi wata uku yana barci a zaune, don in ya kwanta iska ba ta shiga. A katinsa ya fito garau, kamar zai buɗe baki ya zagi wani.

A wajen shan kofi bayan an dawo daga maƙabarta, matarsa Zulma ta taso da katin a hannu ta tsaya a kan Fons. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk zauren ya ji.

"Na tara ke nan, Fons. Na ƙirga. Duk wanda ya zauna a kujerar nan taka, sai mun zo mun sha kofinsa. Da ka bar min mijina a gida."

Baƙin ciki ne ya yi maganar, kowa ya sani. Amma magana zarar bunu ce. Ya fi wa mutane sauƙi su ji tsoron kujerar katako da su ji tsoron inda suke samun abinci. Amare suka koma zuwa shagon hoto a birni. Iyaye mata suka hana a kai jarirai. Lahadi ta zama shiru a kicin ɗin, Irma ta rage kofin da take dafawa.

Masu zuwa ba su ƙare ba, sai dai sun sake. Yanzu ta ƙofar lambu ake shigowa, mutum ɗaya, ranar aiki, cikin kwat da ta yi masa yawa. Ba a tambaya, ba a bayani. Fons ya koyi tattare bayan kwat ya kama da abin maƙale shanya don gaban ya zauna daidai. Ya koyi matso da farin zanen kusa sosai don ya kashe inuwar ƙasan ido. Ya koyi jiran ɗan tsakanin nan da ke bayan tari, lokacin da ƙirji ke lafawa. Wasu su yi ta ba'a, wasu ba sa cewa uffan. Wani ya fashe da kuka a hoto na huɗu, Fons ya ci gaba da kallon cikin akwatinsa kamar yana gyara wani abu, har mutumin ya share fuska ya ce a ci gaba. Maƙwabta kuwa, da sun hango wani ya tura ƙofar lambun Fons, sun san sauran. Shi kuma gari na wayewa ya hau kekensa ya tafi farke buhu. An dai fara ba su abin rufe hanci.

Greet ta girma ta zama nas a asibitin birni, inda ake kwantar da yawancinsu. Wata rana ta zo ta ce wasu zawarawa sun haɗa kai sun ɗauki lauya, za su kai masana'antar ƙara.

"Baba, fim ɗin nan duk suna nan, ko? Na da, da na baya. In aka jera su, makaho ma zai gani."

"Ba don kotu suka zauna min ba. Don 'ya'yansu suka zauna. Amana ce."

"Amana ce ko tsoro?"

"Ke, iya bakinki. Gidan nan da kika girma a ciki, wa ya gina shi? Maza ɗari uku suna can har yanzu. In aka rufe, ke za ki ciyar da su?"

"Ni nake zuƙe musu ruwa daga huhu, Baba. Ni nake wanke su."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Irma tana jinsu, ta ci gaba da wanke kwanukanta.

Ya yi ritaya a 1991, aka ba shi agogo. Bayan shekara biyu, a farkon kaka, Irma ta fara tsayawa a tsakiyar matakala tana dafa bango. Ta ce tsufa ne. Greet ta sa ta a mota ta kai ta asibiti da ƙarfin tsiya. Likitan ya tambaye ta shekara nawa ta yi a masana'antar. Ta ce ko ƙofar ba ta taɓa shiga ba. Ya tambaya wa ke wanke kayan mijinta. Fons yana zaune a gefe da hularsa a kan gwiwa.

Ba ta taɓa yi masa gori ba, ko sau ɗaya. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Wata safiya a watan Fabrairu ya shigo daga lambu ya tarar ta rataya bargon da kanta, ta ja kujerar bakin taga, ta zauna cikin shuɗiyar rigarta ta zuwa coci. Aikin ya cinye mata ƙarfi, tana ta haki.

"Ɗauko akwatinka, tsoho."

"Ba zan ɗauka ba. Akwai hotunanki da yawa."

"Na wata mata ne mai ƙiba, ban san ta ba. Ɗauko."

Ya ɗauko. Ya kafa. Hannunsa ya kai ga abin maƙale shanya, don rigar tana reto a kafaɗunta.

"Ajiye wannan."

Ya juya zai shanya farin zanen.

"Shi ma bar shi. Fons, shekara goma sha huɗu kana yi musu kwalliya. Kowa ya karɓi kati a coci ya ce, kai, ga shi nan da lafiyarsa, Allah ne ya yi kiransa. Na yi shiru, don mazan ne suka roƙe ka. Ni ban roƙe ka ba. Kuma in ka taɓa ni da fensirin nan, ban yafe ba."

Ya sunkuya cikin akwatin. Ya rasa hirar da zai ja ta da ita, shi da ya sa mutum ɗari suka manta da kyamara. Ita ce ma ta ce, "Ka danna mana, ko sai na mutu a nan ka huta da ɗauko ni?" Ya danna. Ba ta kalli taga ba yadda yakan sa mutane, cikin idon kyamarar ta kalla.

Da ya wanke ya shimfiɗa mata goma sha biyun a kan gado. Ta sa tabarau ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora yatsa a kan wanda shi ya fi ƙi. Bakinta a ɗan buɗe yana neman iska, jijiyoyin wuya a miƙe, rabin fuskar cikin duhu. Idanun ne kawai nata.

Ta rasu ranar tara ga Mayu, 1994. Mai buga katin ya kira Fada, limamin cocin, Fada ya zo gida da kansa.

"Alfons, ɗana, ba ka da wani? Mutane za su sa wannan a littafin addu'arsu. Yara za su gani."

"Shi ta zaɓa, Fada."

"Mai ciwo yakan faɗi abin da..."

"Kun san Irma shekara talatin. Ku je ku gaya mata."

Aka buga shi haka. A cocin, kana jin yadda shiru ke bin layi yayin da katin ke wucewa daga hannu zuwa hannu. Ƙanwar Irma ta ce ya tozarta 'yar'uwarta, ba ta sake taka gidan ba har ta mutu. Wasu suka bar nasu a kan benci. Amma bayan mako biyu Zulma ta ƙwanƙwasa ƙofar gaba, shekara goma sha huɗu rabon da ta yi masa magana. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Na Gust, wanda ba ka taɓa ba. Akwai?" Ya ce akwai guda goma sha ɗaya. Ta ce tana so ta gani.

Duk bazarar nan a ɗakin ƙasa ya yi ta. Ya fito da fim ɗin da fensir bai taɓa ba, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, kowane mutum hoto biyu, na lokacin da yake da lafiya da na ranar da ya shigo ta lambu. Mutum sittin da uku. Ya rubuta suna da shekara a bayan kowanne, ya bi gidajen ya nemi izinin kai su kotu. Gida arba'in da ɗaya suka yarda. Wani saurayi da ke aiki a masana'antar ya tare shi a ƙofa ya ce, "Ubana ba abin nuni ba ne, kuma in na rasa aikina, gidanka zan kawo 'ya'yana." Fons ya ba shi hotunan ubansa har da fim ɗin, ya ce ya yi haƙuri. Na gidajen da suka yarda ya zuba a kwali ya kai wa Greet. Ta buɗe, ta rufe, ta ce masa ya zauna ya ci abinci.

Shari'ar ta ja shekaru. Aka ɗage, aka sake ɗagewa, zawarawan suka yi ta raguwa. Masana'antar ta daina amfani da asbesto, daga baya ta rage ma'aikata, daga baya ta rufe. A shagon giya na dandali akwai teburin da in Fons ya shigo sai a juya masa baya, har ya daina zuwa. Masu shigowa ta lambu ba su yanke ba sai wajen 2005, don ciwon yakan yi shekara talatin a kwance kafin ya tashi. Yanzu yakan tambayi kowa, "Yaya kake so, a gyara ko a bari?" Yawancinsu a gyara suke cewa, ya kuwa gyara.

Shi kansa duk shekara Greet takan kai shi a ɗauki hoton ƙirjinsa. Shekara arba'in da huɗu ya yi da kansa a cikin buhu, fiye da kowa a ƙauyen. A zuwansu na ƙarshe wata matashiyar likita ce, baƙuwa a wurin. Ta duba ta ce da fara'a, "Baba, huhunka tas yake. Kai kam mai sa'a ne."

Ya ɗauki hularsa ya ce, "Haka ake ta gaya min."

Suka kamo hanya a mota har suka iso gada. Nan ya ce wa Greet shekara mai zuwa kada ta wahalar da kanta, ba zai sake zuwa ba.

Ya ƙara shekara uku. A watan Janairu na 2016 ya zame a kan ƙanƙara a bakin ƙofarsa yana fitar da shara, ƙugunsa ya karye, bai tashi daga wannan kwanciyar ba. Yana da shekara tamanin da huɗu. Mutum goma sha tara suka zo jana'izar, mafi yawansu mata.